Gora a Bakin Titi

Maƙwabciyata ta shigo lambuna tana duba tukwanen dashe, ba ta dube ni ba. Tun da na aika mata maganar aure ta yi shiru.

"Malam, shuka nake so mai tare idon mutane."

Gabana ya faɗi. Guntun shinge ne tsakanin gidajenmu, ta nan muke gaisawa. Na nuna mata gora.

"Wannan ko rana ba ta ratsa shi. Yaushe zan dasa a tsakaninmu?"

Sai ta ɗago ido.

"Tsakaninmu? Lallai tsufa ya kama ka. Bakin titi za ka dasa, kada 'yan unguwa su riƙa ƙirga mana loma."

Na sauke ajiyar zuciya. "To, shingen fa?"

"Ba ka da adda ne?"