Wayar da Ke Ƙugun Ummulkhairi

Ƙasimu ne da kansa ya sayo wa matarsa wayar, shi ya sa abin ya fi ci masa rai. Ranar da ya sayar da riɗinsa a Birnin Kudu ya hango ta a wani shago, siririya mai shafawa, kaurinta bai kai na faifai ba. Ya kawo ta Gwaram yana ta washe baki.

Matar tasa, Ummulkhairi, sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyada. Wayar kuwa ta yi mata rana. Tana ɗaukar hoton kayanta ta tura wa mata har Wurno ta wajen Birnin Kudu, garin iyayenta, su aiko da saƙon murya su ce a ajiye musu. Cajinta ne dai ba ya kai la'asar, ga shi ba ta son faɗuwa ko kaɗan. Don gudun faɗuwar ne Ummulkhairi ta ci gaba da soke ta a ƙugun zani, inda ta saba soke tsohuwar wayarta mai madannai, ta duƙa kan matsar mai tana gumi.

Wata ranar kasuwa Ƙasimu yana zaune a rumfar Saifullahi, wanda Ummulkhairi ke sarin gyada a wurinsa, sai wayar Saifullahi ta yi ƙara. Ya duba ya yi murmushi.

"Ka ga, mai ɗakinka ce kuma."

Ya ɗaga ya yi sallama. Shiru. Ba abin da ake ji sai motsin zani da numfashin mace. Saifullahi ya kashe, ya ce haka take yi kwanan nan, ta kira ta yi shiru, wataƙila matsalar layi ce. Ƙasimu ya yi dariya, amma iyakarta haƙora.

Daga ranar bawan Allah ya zama ɗan leƙen asiri a gidansa. In ta sa kwalli, ya tambayi kansa don wa. In ta yi wanka da rana, ya ce yau kuma ina aka nufa. Turaren da shi ya saya mata da sallah ma ya koma yi masa warin rashin gaskiya. Wace irin gyada ce ake sayenta da numfashi? Zuciyarsa ta yi ta saƙa masa abubuwa, shi kuma duk abin da ta saƙa sai ya ɗauka ya yafa.

Da ya kasa haɗiyewa, ya tsare ta a tsakar gida, hannunta duk mai.

"Wallahi Malam, ba na kiransa sai gyada ta ƙare," in ji ta.

"To aljani ne yake kiran?"

Ta ce ba ta sani ba, amma a kai wayar wurin mai gyara ya duba. Shi kuwa ya ji kamar raina masa hankali take yi. Ta yi rantsuwa, ta yi kuka, bai saurara ba. Dama igiya ɗaya ta rage a tsakaninsu, don sau biyu zafin zuciyarsa yana tsinka sauran, dattawa suna sasantawa. Ranar ya tsinka ta ƙarshe, ya karɓe wayarsa. Ummulkhairi ta goya 'yarsu Nasiha ta tafi Wurno.

Bai huce ba. Da kasuwa ta zagayo ya nufi rumfar Saifullahi da niyyar ya tona masa asiri a gaban jama'a. A hanya ya buɗe wayar ya ƙura wa sunan mutumin ido, ya yi tsaki, ya jefa ta aljihun gaban rigarsa. Rana ta take, gumi ya jiƙa masa ƙirji.

Yana isa, bai gama sallama ba wayar Saifullahi ta yi ƙara.

"Ikon Allah, ga ta nan dai kuma," in ji Saifullahi, wanda bai ma san abin da ya faru ba.

Ya ɗaga ya ce, "Salamu alaikum." Sai muryarsa ta fito daga ƙirjin Ƙasimu.

Ƙasimu ya zaro wayar daga aljihunsa. Ga kira nan yana tafiya. Saifullahi ya karɓa ya juya ta, ya nuna masa wani ɗan madanni a gefe. Ya ce irin wannan waya in ba a danna nan an kulle ta ba, ɗumin jiki da gumi ma taɓa ta suke yi, ta kira wanda aka kira a ƙarshe. Ya ce shi ma tasa ta sha yi masa haka.

Ƙasimu bai tsaya jin sauran ba, ya hau babur sai Wurno. Surukinsa ya saurare shi a zaure har ya gama, sannan ya ce, "Na ji, kuma na gode da ka wanke ta. Amma ba sauran igiya, Ƙasimu. Ko ni na yarda, addini bai yarda ba."

Daga cikin gida yana jiyo muryar Nasiha tana wasa. Ya roƙa a miƙa wa Ummulkhairi wayar ko da ta ci gaba da sana'arta. Aka dawo masa da ita. Wai ta ce ya riƙe, amma ya riƙa kulle ta, kada ta kira matar wani.

Jama'a, kafin ku yanke wa mutum hukunci a kan abin da waya ta nuna, ku koyi yadda wayar take aiki, ku kuma saurari mai rantsuwa. Gilashin waya in ya fashe ana canza shi a kasuwa, amma auren da zargi ya kashe babu mai gyaransa.