Mutumin da Ya Kulle Kansa a Gida Ranar Suna

Zauna mana, ka ajiye sukundireban nan tukuna. Tun ɗazu kake zagaye injin nan, alhali mai gyara ya ce yana hanya. Bari in ba ka misalin wani mutum.

Ɗan kasuwa ne mai sayar da tayil, Allah ya buɗa masa, ya gina gida a bayan gari. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya iya zama. Ko shayi aka zuba masa, a tsaye yake sha yana ƙona baki. Da ya gama ginin sai ya ɗauko wani kamfani suka haɗa masa gidan kaf da waya: ƙofar get, fitilu, injin jan ruwa, har na'urar dafa ruwan wanka. Duka suna karɓar umarni daga wani ɗan akwati da aka kafe a bangon falo. Injiniyan kamfanin ya kwana uku yana saiti. Da zai tafi ya ce masa duk abin da yake so a ƙara ko a sauya, ya kira shi, kada ya taɓa akwatin. Ya miƙa masa wani ɗan makulli na buɗe get da hannu. Mutumin ya karɓa yana amsa waya, ya jefa shi inda shi kansa bai sani ba.

Matarsa tana da cikin fari. Ka san al'ada, haihuwar fari gida ake zuwa, a yi wankan jego a gaban uwa. Shi kuwa ya kafe sai dai ta haihu a ɗakinta, don ba ya jin zai iya kwana arba'in bai ga ɗansa ba. Ya yi ta sintiri wurin surukinsa, wani dattijo mai ƙarancin magana, yana cewa ruwan zafi a gidansa danna waya ne kawai, babu hura wuta, babu hayaƙi. Dattijon ya amince, amma ba da son ransa ba. Aka haifi namiji, aka shirya za a sa masa sunan kakan.

Ana jibi suna wani tunani ya shige shi. So yake idan motar surukin ta iso, get ta gane ta, ta buɗe da kanta, fitilun harabar gida su kama gaba ɗaya, dattijo ya ga inda 'yarsa take zaune. Ya kira injiniya, injiniya ya ce yana wani aiki a wani gari, sai bayan suna. Ya ajiye wayar, ya sake ɗauka. Ya fita ya duba raguna, ya dawo ya tsaya gaban akwatin. Ya zauna, ya miƙe. Kwana biyu abin yana cin sa kamar ƙaiƙayi a tsakiyar baya. Da safiyar suna, yana dawowa daga masallaci, ya nemo wani bidiyo na minti goma sha biyu, ya kalli minti uku, sauran ya riƙa tsallakewa. Ya ga an zura tsinke a wani ɗan rami a bayan akwati an danne. Ya ɗauko tsinken sakace ya yi yadda ya gani. Wutar akwatin ta koma ja. Abin da bai tsaya ya ji ba shi ne wannan ramin na goge komai ne, kuma sai da lambar sirrin kamfani ake dawo da shi.

Gidan ya manta mai shi. Get ta ƙi motsi. Injin ruwa ya yi shiru, ruwan wankan mai jego ya ƙi zafi, mata suka shiga neman itace a gidan da ko murhu babu. Katanga kuwa shi da kansa ya ce a ɗaga ta, a ɗora mata waya mai lantarki. Ya zazzage durowa bayan durowa yana neman makullin nan, gumi har cikin ido. Can ya ji tsayawar motoci. Liman ya iso, wanzami ya iso, maƙwabta sun cika layi, ga dattijo da 'yan'uwansa sun taso tun duku-duku, suna tsaye a bakin ƙofa. Ya zo ya tsuguna ta ciki yana gaida surukinsa ta ƙasan get, yana ba da haƙuri. Wallahi abin tausayi ne, ko da yake wasu sun juya baya suna dariya. Hantsi ya ɗaga, rana ta fara dukan mutane. Liman ya ce a shimfiɗa tabarmi a titi, a nan aka raɗa suna, uban jariri yana cewa amin daga bayan ƙarfe.

Sai wajen azahar mai walda ya yanke ƙofar. Dattijo ya shiga, bai yi faɗa ba, bai ko kalli fitilun ba. Ya karɓi takwaransa ya yi masa addu'a, ya tambayi 'yarsa ko ta yi wanka, ta sunkuyar da kai. Sai ya juya ya ce wa mijin, "Malam, mu can gidanmu da hannu ake buɗe ƙofa, da itace ake dafa ruwa. Bari ta zo ta yi arba'in ɗinta."  Mutumin nan da hannunsa ya ɗauki akwatin kayan jariri ya sa a but ɗin motar surukin, ya tsaya a bakin yankakkiyar ƙofa har motar ta sha kwana.

To, ka ji. Abin da yake nema ƙari ne kawai, ado a kan abin da yake aiki lafiya lau, kuma da ya jira kwana uku da an yi masa. Shi ya sa Hausawa suka ce garin neman gira aka rasa ido.