Tagar 'Yan Aji Uku

Wata tsohuwar malama ce ta ba ƙanwarta wannan misali, ranar da ƙanwar ta dawo daga aiki tana murna, wai ajinta ya fi kowane aji ɗaga murya wajen karatu.

Ta ce an yi wata malama mai koyar da 'yan aji uku a wata firamare. Yadda ta taso ta ga ana yi, haka ita ma take yi. Ta jingina babban littafi a jikin allo, ta karanta layi, yara su amsa, har labarin ya zauna musu a ka. Akwai wata 'yar siririya a bencin gaba mai zaƙin murya, ita ke ja, sauran su bi. Hedimasta kuwa ba ya shiga aji. Al'adarsa ya tsaya a bayan taga ya kasa kunne, in ya ji yara sun ɗauka kamar kwanon rufi zai tashi, sai ya gyaɗa kai ya wuce. Ajin malamar nan yake nuna wa baƙi. To rannan tana sauri, shafi biyu suka manne mata, ta buɗe labarin raƙumi da ba su taɓa yi ba maimakon na akuya da suka yi jiya, shafin kuma babu ko hoto. Kafin ta ankara 'yar siririyar ta ja, aji ya amsa. Yara hamsin da wani abu, idonsu a kan labarin raƙumi, bakinsu na zuba na akuya tiryan-tiryan. Malamar ba ta tsawata wa kowa ba, don ta san abin da ta ba su ne suka dawo mata da shi.

Washegari ta ajiye babban littafin. Ta yayyanka kwalin sabulu, ta rubuta haruffa a jiki, ta zaunar da yaran biyar-biyar a ƙasa suna haɗa "ba" da "ki" su ga kalmar "baki" ta fito. Ita kuma tana bi tana durƙusawa gefen kowane yaro, ya karanta mata kalma ɗaya a kunne, don kada wanda ya kasa ya ji kunya. 'Yar siririyar ce ta fi shan wuya. Wadda jiya take gaba, yau ta kasa haɗa harafi biyu, ta kifa kai a cinya tana kuka. Malamar ta share mata hawaye da bakin mayafi, ta ce mata kan da ya haddace littafi guda, haruffa ba za su gagare shi ba.

Aji ya yi tsit, sai ƙus-ƙus. Hedimasta ya zo taga har sau uku bai ji komai ba. Iyaye ma suka fara cewa yara sun daina rera karatu a gida, wasan kwali kawai ake yi a makarantar. Hedimasta ya kira ta ya ce in zangon ya ƙare a haka, zai karɓe ajin ya ba wani. Ita ba mai iya musu ba ce. Abu ɗaya ta roƙa, wai ranar ƙarshe ya daure ya shigo ta ƙofa.

Ranar ta zo, ya shigo. Ta miƙa masa alli ta ce, "Ranka ya daɗe, rubuta abin da ka ga dama, amma kada ka faɗa." Ya ɗan yi tunani, ya rubuta: Wanda ya gane wannan ya tashi ya rufe taga. Leɓunan yara suka fara motsi. Har hedimasta ya fara kaɗe allin hannunsa zai fita, sai benci ya yi ƙara. 'Yar siririyar ta miƙe, ta sake duban allo don ta tabbatar, ta taka a hankali ta ja tagar nan da yake laɓewa a bayanta ta rufe. Kafin ta juyo wasu shida sun taso, suka tarar ba sauran tagar rufewa, suka tsaya cirko-cirko suna dariya. Hedimasta ya dubi na zaune ya ce, "Malama, waɗannan fa?" Ta ce, "Suna hanya." Ya ajiye allin a kan tebur, ya ce ta riƙe ajinta, kuma baɗi ta bi su aji huɗu.

Tsohuwar malamar ta dafa kafaɗar ƙanwarta, ta ce gobe ta buɗe wa nata yaran shafin da ba su sani ba, ta yi shiru ta zuba ido. Ai Hausawa sun ce, gani ya kori ji.