Hukunci Kan Ƙwallon Goruba

Dogarin mai unguwa ya tsaya a bakin zauren Atika yana sharce gumin bazara, ya ɗaga murya don maƙwabta su ji.

"Inna, an yanke hukunci kan ƙarar Dodo marini. Daga yau ɗanki Yari ba zai ƙara buga ƙwallon goruba kusa da marina ba, yana ɓata wa mutane shuni. In ya kuskura, bulala goma."

Wata uku ke nan da kai ƙarar. Atika ta shiga ciki, ta fito da dunƙulen gumba ta miƙa masa.

"Ka hwaɗa wa mai unguwa yaron ya daina. Ci wannan ka yi mishi addu'a, sadakar arba'in ɗinshi ce."