Kurar Tukwanen Gas

Tayar baro ta biyu ta ƙi zama a kan sandar ƙarfe, 'Yar Oga ta buga mata guduma da haushi har ta shiga. La'asar ta gota, kurar da suke haɗawa kuwa ko da ƙafarta ba ta tsaya ba.

Gobe da safe ɗan kwangila yake son a fara yanke rodi a ginin da ke bayan kasuwa. Ya faɗa ba ɓoye-ɓoye: wanda ya zo da kayan wutarsa, yana iya zagaya fili da su, shi ne da aiki. Ga shi an daɗe rabon shagon mijinta da aikin kirki, buhun hatsi a gida ya kai gindi. In wannan ya kuɓuce, ba abin da ya rage a sayar sai tukwanen gas biyun nan, ta iska da ta wuta, waɗanda mahaifinta ya bari. A hannun mahaifin nata mijin ya koyi walda, shi ya sa har yau 'Yar Oga yake kiranta. Ita ma a gindin tukwanen ta tashi, ta iya riƙe kan wutar walda tun kafin ta iya tuƙa tuwo, aure ne ya raba ta da shi.

Tukwanen nauyi gare su kamar tsiya, kuma ta wutar ba a kwantar da ita. Dole sai kura.

Mijin nata, Mai Walda, yana zaune a kan benci, baƙin tabarau a fuska. Kwanakin nan ko a gida ba ya cire shi, wai hasken rana na sa masa ciwon kai. Yau kuma bayansa ne ya riƙe, in ji shi, don haka ita ce za ta yi ɗinkin ƙarfe, shi ya riƙe mata.

"Miƙo min ƙarfen kwana."

"Ga shi nan a gaban ƙafarka, Malam! Sai na sa maka a baki?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya laluba ya ɗauka. Tef ɗin awo na rataye a ƙusa, bai ko kula shi ba, da taƙi yake auna komai. Ya sa ta yanka faranti mai kauri ta kafa tsakanin mazaunin tukwanen biyu, ta liƙa ƙugiyoyin sarƙa, ta lanƙwasa rodi inda za a naɗe tiyo. Duk ɗinkin da ta gama sai ya bi shi da yatsa. Wani bai huce ba, ya ƙona shi, ya wuce na gaba.

Hannunta ya fara tuna aikin, amma ranta a ɓace yake. Watanni ke nan yana korar ƙananan ayyuka, mai ƙofa, mai gadon ƙarfe, kowa ya zo sai a ce ya dawo wani lokaci. Ta ɗauka girman kai ne. Ta yi kuka a ɓoye, ta yi faɗa a fili, duk a banza.

"Karanta min agogon tukunyar iska," ya ce. Ta karanta. "Na wutar fa? Wanne ake fara kashewa? Hannunki da maiko?" Ya yi ta jero mata tambayoyi kamar mai ɗaukar sabon ma'aikaci, tana ba shi amsa tana cije leɓe. Wai ita za a koya wa abin da ta sha a nono!

A kan mariƙi ne haƙurinta ya ƙare. Ya tsayar da ita kusa da kurar, ya dafa kafaɗarta, ya sa alli a jikin ƙarfe.

"Haba Malam, wannan ai ya yi ƙasa! Kai da bayanka ke ciwo, a sunkuye za ka wuni kana turawa? Ƙarfen nan shi ne na ƙarshe, in muka ɓata shi mun shiga uku."

"Liƙa shi a nan."

"Wallahi ba zan..."

"'Yar Oga, don Allah."

Ba ta taɓa jin muryarsa ta karye haka ba. Ta kunna wuta ta liƙa, hawaye na taruwa a cikin tabarau.

Rana na gab da faɗuwa suka mirgina tukwanen suka ɗora, ta ɗaure sarƙa. Ta taka sandar baya, kurar ta kwanto mata a hannu a hankali, ba nauyi ko kaɗan. Ta tura ta har bakin ƙofa ta juyo da ita. Mariƙin ya zauna mata daidai ƙugu, sai ka ce tela ne ya auna. Ta yi dariya, ta farko a ranar.

"To taso ka gwada, mu ga yadda za ka yi da ita gobe." Ta faɗi haka daga bakin ƙofar, sannan ta koma gefen taga ta jingina.

Mai Walda bai taso ba. Ya kwance rigar aikinsa ta fata, ya zare tabarau, ya haɗa su a hannu biyu.

"Ba ni zan je ba, ke na auna," ya ce, ya miƙa mata su can wajen ƙofa, inda ya ji muryarta ɗazu, fararen idanunsa a buɗe suna kallon inda babu kowa.