Manomin da Ya Yi wa Ganuwar Kufai Giɓi

Ɗantani, ka sake dawowa kan maganar shingen dutsen da ke saman gonar da marigayi yayanka ya bar mini, wai in bar ka ka kwashe ka yi gini, ka ba ni akuya. Ko sa ka jawo, amsar ɗaya ce. Bakina ya gaji da a'a. Ga misali, in ka ji ka kama hanya.

An yi wani manomi da gonarsa ke gindin wani dutse. A can sama akwai kufai, garin mutanen da ne na zamanin yaƙi, ba abin da ya rage sai ganuwar dutse da busasshiyar rijiya da birai. Tsofaffi na cewa sarauniyar da ta gina ganuwar har yau tana zagaya ta, kuma ko tsakuwa ba ta yafewa. Shi kuwa ya ce, "Matar da ƙashinta ya zama ƙasa ce za ta yi mini rowar dutse? Ta sauko ta kai ni ƙara." Matarsa ta ce, "Malam, ba mu muka jera su ba fa." Ya ce, "Ke dai ji da tukunyarki." Rani guda yana hawa da jaki yana sauka, har ya yi wa ganuwar giɓi, ya gina zaure da rumbu biyu. Mutane na zuwa kallo, sarauniya ba ta ce uffan ba.

Ashe ganuwar nan, ban da tare mahara, ita ke karkatar da ruwan dutsen zuwa kwari. Gero ya kai gwiwa aka yi ruwan wuni guda. Ya biyo ta giɓin jawur, ya tsaga gonar biyu, ya kwashe ƙasar noma ya bar tsakuwa. Rumbuna na tsaye, ba abin zubawa. Manomin ya rushe zauren ya dinga mayar da duwatsun a ka, don jakin ya mutu. To mutanen da can ba da laka suka jera su ba, kuma ba mai sanin yadda suka yi. Ya jera, ruwa ya ture. Ya sake, ruwa ya ture. Haka ya tsufa, wuya a karkace, yana ƙodago a gonakin mutane.

Ni ban ce sarauniya ce ba, ban ce ba ita ba ce. Dutsen gonata dai ba ya tashi. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.