Lamba Goma Sha Tara

Malam Barau na Gwaram ne ya fara haɗa manhajar ƙofar rumbun iri na ƙungiyarmu a Sundimina, a shekarar 2004. Shi ya bar mini jadawalin sigina, wato umarnin da ake aika wa manhaja da lamba. A cikinsa, goma sha tara na nufin “ci gaba”.

Da muka sauya kwamfuta bana, injiniyarmu Kausar ta ce, “Baba Ismail, a bar manhajar ta tambayi sabuwar na'urar sunayen siginarta da lambobinsu yayin haɗawa.”

Na ƙi. Na sa ta saka jadawalin Barau, domin ba a taɓa abin da magabata suka kafa.

Da azahar na shiga rumbun don gwaji. Ƙofar ƙarfen ta rufe, ta ƙi buɗewa. Babu taga, zafi ya fara toshe mini numfashi.

Na ɗaga murya, “Kausar, aika goma sha tara, manhajar ta ci gaba ta buɗe ƙofar!”

“Na aika sau uku, Baba. A wannan na'urar ma'anarta ‘tsaya’.”

Na kira Barau a waya don ya kare jadawalinsa. Ya yi dariya har da tari.

“Ismail, ai ba daga kaina na rubuta ba. Na'urar wancan zamanin na tambaya, na kwafe amsarta a takarda.”

Kausar ta sake haɗa manhajar, na'ura ta faɗi lambobinta, na fito bayan awa biyu.

Mun sami ƙofa mai buɗewa, irinmu bai taɓu ba. Takardar Barau tana hannuna har yau. Tafarkinsa kuwa, ashe Kausar ce ta riƙe shi.